Hoton da Ya Kore Mutane daga Ƙofar Na'isa

Har yau a Zaitawa akwai tsofaffin da idan aka ambaci sunana sai su yi ƙasa da murya su ce, ai Tahir ne, wanda soja suka taɓa kamawa lokacin yaƙin basasa. Ku ma kun ji, na sani, don babu ɗayanku da ya iya ɓoye fuska. Wasu sun ce muku taswirar gari na sayar, wasu sun ce da madubi nake yi wa jirgin 'yan tawaye ishara daga saman soro. Na ƙyale maganar tana yawo shekara da shekaru saboda ba na son a riƙa jan sunan mahaifina a bakin masu zaman dakali. Yanzu ya daɗe da komawa ga Ubangijinsa, ni ma gemu ya yi fari fat, to gara ku ji daga bakina.

Kyamarar ba saya na yi ba. Wani abokin aikina ne a kantin yadi, mutumin kudu, ya danƙa mini ita a shekarar rikici, ranar da suka bar garin nan a gigice da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Ya ce in riƙe masa amana, in kuma riƙa amfani da ita don kada ta yi tsatsa. Bai dawo ba, ban kuma sake jin labarinsa ba. Da na kawo ta gida sai da na kai wa kakanku, Malam Hadi, don a gidanmu ko allura ba ta kwana sai ya san da zamanta. Turare yake sayarwa, sana'ar da kakanninmu suka ƙetaro Sahara da ita, kuma shi ne limamin masallacin unguwa tun kafin a haife ni. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Hajji ma ya ƙi zuwa ta jirgi saboda hoton fasfo, yana cewa Allah Ya san uzurinsa. Ya juya kyamarar a hannu kamar mai duba ƙwai ko ya lalace, sannan ya miƙo mini.

"Ka girma, Tahir, ba zan hana ka ba. Amma ka yi mini alkawari guda. Kada idon abin nan ya sauka a kan mai rai. Ba na son ranar gobe a ce ka busa wa abin da ka suranta rai, ina tsaye ina kallonka ka rasa yadda za ka yi."

Na ce, "Ko akuya, Baba?"

Ya ce, "Ko ƙuda."

Na yi alkawari da saurin baki, ban yi tunanin a Kano nake ba. Ku gaya mini, wane lungu ne a birnin nan za ka saita kyamara ba a sami mai tallan goro ko jaki ko ɗan garuwa ya ratso ba? Watanni na yi ina ɗaukar zanen bango da ƙyauren zaure da indararo, har na fara gundura. Sai wata rana ina gwaji a zaurenmu, haske ya yi kaɗan, na bar idon kyamarar a buɗe ya daɗe. Kyanwar gidan ta wuce ta gabana, na ce shi ke nan, wannan fim ya tashi a banza. Da na wanke sai ga zaure tsaf, ga tabarma, ga buta, babu kyanwa babu alamarta. Nan na gane cewa idan ido ya daɗe a buɗe, abin da ke tsaye ne kawai yake zama a fim, mai motsi kuwa wucewa yake yi bai bar komai ba. Na samo baƙin gilashin masu walda na ɗaure a bakin idon don ya rage hasken rana, kafinta ya yi mini ƙafafu uku na katako, na zama ina iya ɗaukar titi cike da jama'a da rana tsaka ya fito fayau. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kaina ƙwarai. Ina ganin Allah ne Ya buɗe mini hanyar da zan bi sha'awata ban saɓa wa mahaifina ba, har nakan yi alhamdu lillahi a ɗakin duhu, inda nake wanke hoto, idan katanga ta fara bayyana a cikin ruwan magani.

Ana cikin yaƙi wani kantin sayar da fim a wajen gari ya haɗa kai da wata jarida suka shirya gasa ta masu ɗaukar hoto don sha'awa, wai a ɗan sa wa mutane nishaɗi. Na aika da hoton Ƙofar Na'isa da na ɗauka da hantsi daga kan wani soro. Da sakamako ya fito na zo na biyu. Na ɗaya hoton wani jariri ne yana dariya, wanda har gobe ban ga abin da ya fi nawa da shi ba sai kumatu. Aka ba ni agogon bango, aka buga hotona a jarida da girma, a ƙarƙashinsa kuma wani mai hikima ya rubuta: "Ƙofar Na'isa, ba kowa." Na kawo jaridar gida ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Baba ya duba, ya sake dubawa, ya nemi mai rai bai samu ba, ya ce madalla, ya ci gaba da auna turarensa.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne halin da gari yake ciki. Bai daɗe ba da jirgin 'yan tawaye ya zo ya jefa bam wajen filin jirgi, tsoro ya shiga kowa. Ana cewa akwai masu nuna musu wuri daga cikin gari. Baƙon fuska ba ya wuce unguwa ba a tare shi ba, mai rediyo idan ya cika murɗawa sai a fara kallonsa. Kowace unguwa ta fitar da matasa 'yan sintiri suna kai-kawo a ƙofofin gari da gora, shugaban na Ƙofar Na'isa kuwa wani ne Sule Dogo, mahauci, wanda muka yi makarantar allo tare. Ranar da na ɗauki hoton suna nan, ina ganinsu, suna zuwa suna dawowa a bakin ƙofar kamar yadda aka umarce su. Da sun zauna suna gyangyaɗi da sun fito a hoton. Ƙwazonsu ne ya shafe su.

Sule ya same ni a zaure da jaridar a naɗe a hannu, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Tahir, ina nake a nan?"

"Kana nan mana, Sule. Tafiya kake yi, shi ya sa ba ka fito ba."

"Tafiya nake yi. To jakunan da ke shigo da itace fa, su ma tafiya suke yi? Kasuwar bakin ƙofa fa? An kira ni gaban mai unguwa an ce in faɗi inda muka je muka bar ƙofa a buɗe, duk ƙasa ta gani a jarida, har waɗanda muke yaƙi da su. Na rantse da Alƙur'ani muna nan, an ce hoto ba ya ƙarya. To ɗayanmu maƙaryaci ne, ni ko kai."

Na ɗauko gilashin walda zan yi masa bayani, sai ya ja da baya yana kallonsa kamar na fito da laya. Ya ce wato har da abin ɓatar da mutane gare ni. Ya fita yana karkaɗe riga. A lokacin haushinsa na ji, amma daga baya na gane shi ma wuyansa yake karewa, don idan hotona gaskiya ne, to shi ne ya yi sakaci da ƙofar gari ana tsakiyar yaƙi.

Daga nan magana ta kama wuta. Wasu suka ce fata nake yi gari ya zama kufai, wasu suka ce saƙo ne na aika cewa ga ƙofa babu tsaro. Aka tuno wanda ya ba ni kyamarar, aka ce ashe dama aiki ya bar mini. Har da asalinmu aka tono. Tsofaffin Kano Turawa suke ce wa Larabawan da suka zo fatauci ta hamada, tun kafin a san Nasara a ƙasar nan, kuma da wannan ma'ana wata tsohuwa ta ce ai gidan Malam Hadi jinin Turawa ne. Samarin da ba su san tarihi ba suka ɗauke ta yadda suka fahimta, ga shi ana ta labarin fararen sojan haya da ke tuƙa wa 'yan tawaye jirgi. Ni da aka binne kakan kakana a cikin ganuwar nan, sai ga yara suna leƙen fatata suna raɗa. A cikin gida Gwaggo Zuhura, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ce ta fi kowa tashin hankali. Ta hana a karɓi abincin maƙwabta, ta ce a daina magana kusa da katanga.

"Ni tun ranar da akwatin nan ya shigo gidan nan raina bai kwanta ba," in ji ta. "Kai kuma Hadi ka zauna kana ta jan carbi. Matar gidan can da ta zo aron turmi jiya, turmi ta zo nema ko ɗakin duhun yaron nan ta zo gani? Idonta bai sauka a kan turmin ba ko sau ɗaya."

Baba ya ce, "Yaya, zato ne ya jawo mana wannan. Kada mu ma mu kama sana'ar."

Ni dai na riga na kama. Duk wanda ya gaishe ni sai in ce me yake nema, wanda bai gaishe ni ba in ce shi ne. Na zargi Sule, na zargi mai kantin fim, na zargi wanda ya zo na uku a gasar, mutumin da ko fuskarsa ban sani ba. Har yau ban san wanda ya kai sunana ba, kuma na hana kaina ƙaddara wa kowa, don kada in mutu da haƙƙin wani a wuyana.

Da safe suka zo, ana karin kumallo. Suka kwashe kyamara da fina-finai da duk hotunan da na tara, suka sa ni a mota zuwa wani ofishin tsaro a bayan gari. Hafsan da ya tuhume ni ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa, Hausarsa kuma ta bariki ce. Ya baje hotunan a kan tebur, ni kaina da na gan su a jere sai da na gane abin da yake zargi. Ƙofar Na'isa, Ƙofar Nassarawa, gada, rijiyoyi, tankin ruwa, hanyar jirgin ƙasa, dukkansu wayam.

"Kai mai hoto ne, ko? To ina biki? Ina suna? Ina budurwa? Kowane mai hoto na sani, mutane yake ɗauka. Kai kaɗai ƙofa da gada da tanki. Wa ke son hoton tanki in ba mai son ya fasa shi ba?"

Na gaya masa alkawarin da na yi wa mahaifina, na yi masa bayanin gilashin, na ce a kai ni kowace ƙofa in nuna masa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce wato in ƙara ɗaukar wata ƙofar da rakiyar soja. Kwanaki na yi a wurin, ana kira na ana maimaita tambaya ɗaya. A ƙarshe ya ce bai sami abin da zai tura ni gaba da shi ba, bai kuma sami abin da zai sake ni da shi ba. Hanya ɗaya ce: magidanci sananne ya tsaya mini, ya kawo hotonsa a ajiye, idan na gudu ko aka sake jin wani abu, shi za a nema da wannan hoton. Idan ba a samu ba, za a haɗa ni da waɗanda ake turawa Ikko, wato Legas, su kuwa a lokacin ba a cika jin labarinsu ba bayan sun tafi.

Aka aika gida. Daga baya Gwaggo ta ba ni labarin yadda Baba ya bi gidaje da ƙafarsa. Maigidana na kanti ya ce shi a bakin aiki kawai ya san ni. Wani ɗan'uwanmu tafiya ta kama shi ba shiri. Mutanen da suka yi shekaru suna salla a bayan Baba suka riƙa ba shi haƙuri suna kallon ƙasa, kowa yana tsoron a ajiye fuskarsa a aljihun tebur na soja. Ban ga laifinsu sosai ba yanzu, amma a lokacin na ji kamar an zare mini ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa.

Ranar da aka ce motar Ikko za ta tashi washegari, aka fito da ni tsakar ofishin, sai ga Baba a tsaye da farar rigarsa da rawani, ƙamshin turarensa ya cika wurin da ke warin gumi da taba. Hafsan ya ce masa ya ji sharaɗi, ina hoto? Baba ya ce ba shi da shi, bai taɓa yi ba. Hafsan ya ce akwai mai hoto a bakin titi, ya je ya dawo.

Baba ya ce, "A'a. Idan dole ne a yi, ba zan ɗora wa ɗan wani ba. Ku ba yaron nan kayansa, shi zai ɗauka. Abin ya tsaya a gidana."

Na ce, "Baba, alkawarin fa?"

Ya ce, "Ni na ɗaura maka, ni na kwance. Yi abin da aka ce."

Na roƙe shi ya bari, na ce gara a tafi da ni. Ko kallona bai yi ba, ya nemi benci ya zauna a jikin bango, ya gyara rawani, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Aka kawo kyamarar. Na kwance baƙin gilashin daga bakinta, wani soja ya riƙe mini ƙafafun katakon. Na leƙa, na ga mahaifina a cikin ɗan madubin kyamarar, ƙarami, yana kallona kai tsaye. Fuskar mutum ta farko ke nan da na taɓa saitawa. Na ce masa kada ya motsa, ya ce to, amma leɓɓansa ba su daina istigfari ba. Na danna ina kuka, ba na jin kunyar faɗa muku.

Soja biyu suka raka ni gida na wanke, ɗaya ya shiga ɗakin duhun tare da ni don kada in yi wata dabara. Muna tsaye fuskar Baba ta taso a hankali daga cikin ruwan, rawani, goshi, idanu, komai ya fito sarai, bakin ne kawai ya ɗan yi hazo. Sojan da kansa ya ce, kai, tsohon nan yana da kwarjini. Da muka koma hafsan ya karɓa, ya jefa a aljihun tebur, ya ce in tafi. Kyamarar ma ya mayar mini, wai ba shi da wurin ajiye tarkace.

Na san abin da za ku ce, don kun yi karatu kun ji malamai da yawa suna cewa hoton kyamara inuwa ce aka tsare, ba sura ba ce, kuma ga manyan malamai nan hotunansu har a jikin motoci. Ni ma bayan shekaru na zauna da masana na tambaya, na sami natsuwa, shi ya sa kuka tashi kuka ga hotunan sunanku da na aurenku duk ni na ɗauka. Har yanzu ina ganin wanda ya tsaya ya kalli haske a jikin katanga har ya ji tsoron Allah bai yi asarar lokacinsa ba. Amma wannan fahimtata ce, ba ta kakanku ba. Shi abin da ya yi imani da shi daban ne, kuma da wannan imanin a ƙirjinsa ya zauna a kan bencin nan, yana ganin wuta yake kusanta saboda ni.

Da magariba ta yi a ranar da na dawo, ya ce in tashi mu tafi masallaci. Ban so ba, ya ce ba a ɓuya a gida bayan an fito da gaskiya. Na shiga na tsaya a sahun baya. Mutane suka yi ta shigowa, sahu yana cika, amma wanda ya zo kusa da ni sai ya ga wani gurbi a can gaba ya matsa. Aka bar ni da fili dama da hagu. Ladan ya tayar da iƙama, kowa ya miƙe yana jiran liman. Baba ya taka har bakin mihirabi, sannan ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, shekara da shekaru ina gaya muku hoto haramun ne. Yau na je da ƙafata na zauna an yi mini. Na san dalilina, Allah ma Ya sani, kuma da za a sake da na sake. Amma wanda ya hana abu ya aikata shi, ba zai tsaya a gabanku ba. Malam Na'ibi, bismilla."

Masallaci ya ɗauki hayaniya. Masu cewa lalura ce suna yi, masu cewa Malam ka yi wa Allah ka yi haƙuri suna yi, har da waɗanda suka rufe masa ƙofa kwana biyu da suka wuce. Baba ya baro bakin mihirabi. Ya ratso sahu ɗaya bayan ɗaya, mutane suna buɗa masa hanya, har ya iso inda nake. Ya tsaya a damana, ya haɗa kafaɗarsa da tawa, ya sa ƙafa ya daidaita tawa da layi kamar yadda yake yi mini ina yaro. Na'ibi ya yi kabbara. Tunda na yi wayo daga gaba nake jin muryar mahaifina tana jan Fatiha, ranar sai na ji ta a gefen kunnena, a hankali, tana cewa amin a bayan wani. Bai sake shiga gaba ba har ya bar duniya.